Daga Damagaram zuwa Njamena: Shirin Tafiyar Yayanmu

 Muna so mu ba ku labarin wani al'amari da ya shafi gidanmu a shekarar 2025, domin mun san ba mu kaɗai ba ne ya taɓa shafa. A yau da wuya a sami unguwa a Damagaram, ko Maraɗi, ko Tawa, wadda ba ta da ɗa mai digiri da ke jiran kira daga wata ƙasa. Idan kiran ya zo akan yi guɗa, a yi barka, sa'an nan jama'a su watse, a bar mutanen gida da lissafin da ba a faɗa a bainar jama'a.

Yayanmu shi ne ɗan farin Malam, mahaifinmu, wanda ya shekara fiye da 30 yana limancin masallacin unguwarmu a cikin Birni. Ya yi karatun allo da na littattafai a zauren gida kamar kowannenmu, amma shi Allah Ya ba shi nisan zango. Daga lise ya wuce Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda aka buɗe a 1986, daga can kuma ya tafi Hartum, inda ya kammala digirinsa na uku a ilimin Nahawu ƴan watanni kafin yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilun 2023. Ya dawo gida ya shekara biyu yana koyarwa bisa kwantiragi, da albashin da ba ya kai tsakiyar wata, da yamma kuma ya zauna a zaure ya ɗauke wa Malam rabin ɗalibansa. A cikin Shawwal na 1446, wato Afrilun 2025, takarda ta iso daga wata jami'a mai koyarwa da Larabci a Njamena, babban birnin Cadi, ana gayyatarsa ya koyar da Nahawu da Balaga na shekara 3, farawa daga watan Oktoba.

Maƙwabta sun kasu biyu. Wasu tun a ranar suka fara kawo ƙoƙon bararsu, kamar an ce musu an naɗa shi minista. Wasu kuma suka taɓe baki suka ce ashe Cadi ma ƙasar waje ce, su a tunaninsu in ba Saudiyya ko Faransa ba, ba a yi tafiya ba. Mu dai ba waɗannan suka dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne shirun Malam, wanda ya karanta takardar, ya naɗe ta, ya mayar, ya ce Allah Ya sa alheri, bai ƙara ko kalma ɗaya ba har kwana uku.

Masu karatu sun san kunyar ɗan fari. Malam bai taɓa kiran sunan Yaya ba, Malam Ƙarami yake ce masa, kuma duk maganar da ke da nauyi ta bakinmu take bi, mu da muke ƙanne. A dare na uku, bayan sallar isha'i, ya kira mu ɗakinsa, ya sauko da gafakar da muka sani tun muna yara, ya buɗe ganyen ƙarshe na Alƙur'anin da kakanmu ya rubuta da hannunsa, ya ce mu karanta. A nan ne marubucin, Allah Ya jiƙansa, ya ambaci cewa ya kammala rubutun a garin For Lami a shekara ta 1367 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1948. For Lami kuwa shi ne tsohon sunan Njamena.

Labarin mun san shi gutsure-gutsure, amma a daren nan ne muka ji shi a jere. Kakanmu ya bar Damagaram a 1946 tare da ƙanensa da niyyar aikin hajji, suka bi hanyar da dubban mutanen ƙasar Hausa suka bi kafin jirgin sama ya zama ruwan dare: Kano, Maiduguri, Dikwa, Kuseri, For Lami, Abeshe, sa'an nan Jinena da Fashir a Darfur, har Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa zuwa bakin Bahar Maliya. Ba tafiya ce ta miƙewa ɗaya ba. Inda guzuri ya ƙare a nan ake yada zango, a yi ɗinki, ko noma, ko rubutu, har a tara na gaba. A For Lami suka yi damina biyu. Da lokacin tashi ya yi, ƙanen ya ce ya sami kasuwar ɗinkin hula, a bar shi ya ƙara tarawa, zai biyo baya. Kakanmu ya sauke farali ya dawo gida a 1953 ta wata hanya dabam, ƙanen kuwa bai je Makka ba, bai kuma dawo Damagaram ba. Malam ya ce har mahaifinsu ya rasu, duk baƙon da ya sauka daga gabas sai ya aika an kira masa shi ya yi tambaya.

"Ka gaya wa Malam Ƙarami ban hana shi ba," in ji Malam. "Ilimi ba a ɗaure shi a turke. Amma gabas ta taɓa karɓar mutum a gidan nan ba ta mayar ba. Ku je ku gano mini wurin da idonku, sa'an nan mu yi magana."

Inna ma ta kafa nata sharaɗin, kuma ba ta bi ta bakin kowa ba. Ta ce ba za a bar mata ƴar mutane da yara huɗu a gida shekara uku tana jiran waya ba, inda miji ya sa ƙafa a nan iyalinsa za su sa. A ganinmu ta fi mu duka hangen nesa, domin mun ga gidaje da yawa da irin wannan rabuwa ta cinye a hankali ba tare da an yi faɗa ba. To amma sharaɗin nata ya mai da tafiyar mutum ɗaya ta zama ƙaurar mutum shida, wadda ke bukatar gida, da makaranta, da kuɗin da ba mu da su.

Batun takardu ba za mu tsawaita a kansa ba, wanda ya taɓa nema ya san ɗacinsa. Abin da muke jan hankalin ƴan'uwa a kai shi ne a fara da wuri, kuma a fara da shahadar karatu, domin ita ta fi cin lokaci. Shahadar da aka samo daga ƙasar Larabawa tana bukatar fassara zuwa Faransanci a hannun mai fassarar da kotu ta amince da shi, da tambarin hukuma a kan kowane kwafi. Nijar da Cadi duka mambobi ne na CAMES, majalisar da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, wadda ke kula da daidaita shahadu da ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, don haka yana da kyau mai tafiya ya tambayi matsayin shahadarsa a wurinta kafin ya sa hannu a kwantiragi. Sai fasfo na kowane yaro, da takardar haihuwa, da takardar aure ta hukuma, wadda yawancinmu ba ma tunawa da ita sai ranar da aka tambaye mu, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa.

Tsakanin Damagaram da Njamena, in tsuntsu ne, bai kai kilomita 700 ba. Amma ɗan Adam hanya uku gare shi, kuma babu mai sauƙi. Akwai ta cikin gida, ta Gure da Maine Sorowa da Diffa har Ngigmi, sa'an nan a kewaye tafkin Cadi ta arewa cikin rairayi a gangaro ta Masakori. Tun hare-haren da aka kai Boso da Diffa a watan Fabrairun 2015 mutane ke bin ta da ɗar-ɗar. Akwai ta jirgin sama, wadda ke sa mai nufin gabas ya fara yin kilomita kusan 900 zuwa yamma har Yamai, ya sauka Lome a bakin teku, kafin ya juyo. Sai ta uku, ta Kano da Maiduguri, wadda ita ma ba ta rasa nata haɗarin ba. Mun zaɓe ta ne don ita aljihunmu ya iya, kuma ita ƴan kasuwar unguwarmu suka sani tasha-tasha. Sai da muka hau mota muka tuna cewa ita ce dai hanyar kakanmu.

Mun tashi a watan Mayu, a tsakiyar bazara. Mun yi fargabar iyaka, kasancewar ƙasarmu ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a ƙarshen Janairun 2025, amma ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar takardun ƴan Nijar da barin su zirga-zirga, kuma haka muka tarar. Kano kilomita 240 ce daga gida, ba baƙuwarmu ba ce, mun kwana ɗaya muka canza kuɗi muka wuce. Daga nan zuwa Maiduguri kusan 600, ta Potiskum da Damaturu, kuma direba tun da asuba yake ƙidayar sa'o'i don kada yamma ta riske shi a hanya. Abin da ya rage daga Maiduguri zuwa Gamborun Ngala bai fi kilomita 140 ba, amma ya ci mana yini guda. Motoci kan taru ne su tafi a jere, shingen soja bayan shingen soja, a sauka a taka da ƙafa a sake hawa. Gefen hanya ƙauyuka ne da suka zama kufai, bangaye ba rufi, gonaki ba kunya ko ɗaya. A cikin motar ba mai hira, sai motsin leɓɓa da carbi.

A Dikwa muka tsaya jiran a buɗe hanya, nan ne Yaya ya nuna mana cewa tarihin garinmu da na garin da za mu a ɗaure suke da igiya ɗaya. Dikwa ita ce hedikwatar Rabeh bayan ya ci Barno a 1893. Sojojin Faransa da suka kama Damagaram a watan Yulin 1899, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, su ne suka ci gaba zuwa tafkin Cadi. Kwamanda Lami, wanda ya ratso hamada daga Aljeriya, shi ma a Damagaram ya sauka a watan Nuwamba na wannan shekara, ya huta, sa'an nan ya nufi gabas. A ranar 22 ga Afrilun 1900 suka gwabza da Rabeh a Kuseri, Rabeh ya mutu, Lami ma ya mutu, aka kafa sansani a ɗaya gaɓar kogin aka sa masa sunansa. Sai a 1973 shugaba Tombalbaye ya canza sunan zuwa Njamena, sunan da ake cewa ya samo asali daga Larabcin yankin da ma'anar wurin hutawa. Mun yi wannan darasi a lakkol, mun haddace shi don jarrabawa, amma ba mu taɓa jin ya shafe mu ba sai a ƙarƙashin wata bishiya a Dikwa.

Daga Gamboru ƴar gada ce a kan kogin Albeid, ka taka ta ka shiga Fotokol ta Kamaru. Daga nan kilomita kamar 100 zuwa Kuseri, sai gadar Ngeli a kan kogin Logon, wadda ƙarshenta Cadi ne. Cikin kwana huɗu mun taka ƙasa huɗu, mun riƙe kuɗi iri uku. A nan akwai abin da ya kamata mai tafiya ya sani: sefar Cadi da Kamaru ba ita ce sefarmu ba. Tamu ta bankin BCEAO ce mai mazauni a Dakar, tasu ta BEAC ce da ke Yawunde, kuma ko da yake a takarda darajarsu ɗaya, kowace 655,957 a kan yuro guda, mai shago a Njamena ba zai karɓi tamu ba, mai canji kuma sai ya yanki rabonsa. Duk wanda zai riƙa aiko wa gida kuɗi daga albashinsa, ya sa wannan yanka a lissafi tun farko.

Njamena gari ne shimfiɗaɗɗe a gaɓar kogin Shari, daidai inda Logon ke zuba a cikinsa. Mu da muka tashi a garin duwatsu da ƙarancin ruwa, inda ake kwana a layin famfo, mun daɗe a kan gada muna kallon ruwa yana tafiya ba mai tare shi, masunta a cikin kwale-kwale, mata na wanki a gaɓa. Cikin gari kuwa zafi ne irin wanda ya wuce awo 40, da ƙura, da ƴan kabu-kabu da suke kira kilando, da maza cikin farar jallabiya da rawanin da suke kira kadamul, da mata cikin lafaya kala-kala. A tsakiyarsa, dab da babbar kasuwa, akwai masallacin Sarki Faisal, wanda aka gama a 1978, shekara uku bayan rasuwar sarkin da ya ziyarci Cadi da Nijar a rangadinsa na 1972. A nan muka yi sallar Juma'a, kuma ba mu ji baƙunta ba ko kaɗan: mazhabar Malikiyya ce, malami faki ne, mahaddaci goni ne kamar gwaninmu, almajirai kuma muhajirin ake ce musu, da allunansu da robobinsu kamar na ƙofar gidanmu.

Baƙuntar a kasuwa ta same mu. Yaya, mai digiri uku a Nahawu, ya tsaya gaban wata mai albasa ya tambaye ta farashi da Larabcin littafi, kowace kalma da wasalinta na ƙarshe a cike. Matar ta dube shi, ta kira maƙwabciyarta ta ce ta zo ta ji rediyo yana sayen albasa. Da ta gama dariya ta ce, "Miya." Mu kuma muka ce ba miya muke nema ba, albasa muke so. Ashe miya ɗari ce a Larabcinsu, kuma lissafinsu irin namu ne sak: abin da muke kira dala, wato tamma biyar ta sefa, su riyal suke ce masa, don haka miya ita ce dala ɗari tamu. Larabcin Cadi shi ne harshen titi da kasuwa da mota, Musulmi da Kirista duk da shi suke ciniki, kuma ya yi nisa da na aji kamar yadda Hausar tasha ta yi nisa da ta wa'azi, ko fiye. Amma kunnen Bahaushe yakan tsinci nasa a ciki. Suna tarbar baƙo da lale, suna tambayar afe, wato lafiya, kifin da aka ƙyafe kuma banda ne a bakinsu kamar a namu. A daren nan Yaya ya sayi ƙaramin littafin rubutu ya fara tara kalmomi kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce malamin da bai san yadda ɗalibansa ke magana a gida ba, ba zai gane inda kuskurensu ke fitowa ba.

Neman gida ya ci mana kwana shida. Haya a Njamena ta ninka ta Damagaram kusan sau uku, ana kuma neman kuɗin wata uku a dunƙule, ban da na dillali. Gidajen da suka fi araha suna ƙetaren kogi, wajen Waliya, kuma mun kusa biyan kuɗin wani mai ɗaki uku da fili mai faɗi, sai wani mai shayi da ke bakin layin ya ce mu dubi bangon maƙwabta, kada mu dubi na gidan da aka yi wa sabon fenti. Muka duba, sai ga zane a miƙe daidai ƙirjin mutum, alamar inda ruwa ya tsaya. Ambaliyar watan Oktoban 2022 ta raba dubban mutanen wannan yanki da gidajensu, ta 2024 ma ba ta yi sauƙi ba. Abin lura shi ne ruwan kogin ba ya cika sai damina ta ƙare, domin daga kudu mai nisa yake gangarowa, wato daidai lokacin da baƙon malami ke sauka da iyalinsa yana zaton ya tsira. Allah Ya saka wa mai shayin nan da alheri. Daga ƙarshe muka kama wani ƙarami mai ɗaki biyu a arewacin gari, mai tsada, amma a kan tudu, kusa da masallaci, da famfo a tsakar gida. Wutar lantarki kuwa kowa ya ce kada mu dogara da ita, mu sa farantin hasken rana a cikin lissafi.

Makarantar yara ba ta ba mu wahala ba. Tsarin mulkin Cadi ya amince da harsuna biyu na hukuma, Faransanci da Larabci, kuma akwai makarantu masu haɗa su biyun, kwatankwacin franko-arab ɗinmu da ta faro daga madarasar Sayi a 1957. Abin da ya tsaya mana a rai dabam ne. A watan Maris na shekarar, dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ga shi kuma za mu kai yara huɗu, ƙaraminsu bai gama koyon magana ba, inda ba za su ji ta a aji ba, ba kuma za su ji ta a wurin wasa ba.

Wannan tunani ne ya sa muka ƙara ƙaimi wajen cika saƙon da Malam bai faɗa da baki ba. Muka nemi dattawan Hausawan birnin, waɗanda mafi yawansu jikokin mahajjata ne da fatake, muka ambaci sunan ƙanen kakanmu, da sana'arsa, da garinsu. Kwana biyu ana tura mu daga wannan zaure zuwa wancan, har aka kai mu wani tsohon gida na ƙasa a bayan kasuwa, aka yi mana sallama da wata tsohuwa mai shekara 74. Da muka faɗi ko mu su wane ne, ta daɗe ba ta ce komai ba, sa'an nan ta ce, "Ƴaƴana, ku shigo daga ciki," da wata irin Hausa mai nauyi, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Goggo ita kaɗai ta rage a cikin ƴaƴansa. Ta ce mahaifinta ya bar ɗinki ya koma cinikin goro, ya auri mahaifiyarta Balarabiyar Shuwa, ya yi rufin asiri daidai gwargwado. Da yaƙi ya ci birnin a 1980 suka tsallaka kogi zuwa Kuseri tare da dubban jama'a, a can ya rasu a cikin bukkar gudun hijira, ƴan takardun da yake ajiyewa kuma suka salwanta tare da gidan. Ba ta taɓa ganin Damagaram ba, amma ta san sunan Birni, ta san akwai dutse a bayan gidan kakanninta. Ƴaƴanta da jikokinta suka zo suka gaishe mu cikin ladabi, da Larabci da Faransanci, ba mai iya mayar da gaisuwar Hausa, kuma ba mu ga alamar abin ya dame su ba. Su ƴan Cadi ne, ba su rasa komai ba. Muka tambaye ta ko ya taɓa maganar komawa. Ta yi murmushi ta ce kullum, kowace shekara cewa yake bayan damina. Yaya ya ce shi kwantiraginsa na shekara uku ne kawai. Goggo ta ce, "Allah Ya sa, ɗana." Shekara 32 mahaifinta ya yi yana jiran bayan damina.

Muka kira Malam a waya muka miƙa mata. Ba su taɓa ganin juna ba, kuma ba su ce wani abu mai yawa ba. Ya ce mata Yaya, ta ce masa Malam, suka yi ta gaisuwa suna maimaitawa, ina gida, ina iyali, ina zafi, har katin ya ƙare. Inna ta gaya mana daga baya cewa a ranar bai fita karatun la'asar ba.

Da muka dawo muka zayyana masa komai, har da zanen ruwa a bango da dariyar mai albasa, sai ya ba da izini, tare da sharuɗɗan da muka gane cewa ya daɗe da tsara su. Na farko ya shafi kuɗi. Yaya ya yi niyyar sayar da filinsa da ke bayan gari don biyan kuɗin jirgin iyali da na haya, har an yi ciniki. Malam ya ce a mayar wa mai saye da haƙuri, mutumin da ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa a garinsu baƙo ne ko da ya dawo. Aka rufe gibin ta wata hanya: Inna ta sayar da saniyarta, matar Yaya ta kwashi adashinta, mu ƙanne muka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka rubuta komai a takarda da shaidu biyu, bashi ne ba kyauta ba. Sa'an nan ya ce kowane babban hutu yaran za su yi shi a Damagaram, ko uban ya samu zuwa ko bai samu ba. Ya so a ce Yaya zai riƙa dawowa tafsirin azumi, wanda shi ke yi tun 2024, amma azumin 1447 ya faɗo a Fabrairu da Maris na 2026, tsakiyar zangon karatu, kuma Yaya ya ƙi yin alkawarin da ba zai iya cikawa ba. An bar wannan magana a buɗe, har yanzu kuma ba a rufe ta ba.

Sai littattafai. Mun cika kwali 14, kowanne an naɗe shi da leda saboda damina, muka rubuta sunayensu da Faransanci a takarda biyu don ƴan duwan, muka damƙa wa wani ɗan kasuwa mai kai kaya Kuseri. Rabon bai zo da gardama ba sai da aka zo kan gafaka. Yaya ya roƙa, ta bakinmu, a ba shi Alƙur'anin kakanmu, yana ganin ya dace ya koma garin da aka rubuta shi, Goggo ma ta gan shi kafin ta bar duniya. Mu kanmu mun ga hujjarsa ta yi ƙarfi, mun kuma faɗa. Malam ya ce a ɗauki hoton kowane ganye da waya a kai mata. "Shi kuwa Malam Ƙarami, in yana marmarinsa, ya san inda yake." Dare biyu muka yi muna ɗaukar hoton, ganye bayan ganye, a ƙarƙashin fitila.

Abin da ya rage shi ne zaure, kuma a nan ne tafiyar ta faɗo a kanmu. Mu karatunmu na boko a lise ya tsaya, na littattafai kuma bai kai rabin na Yaya ba, amma idon Malam ya yi rauni, ɗalibai kuwa ba za a sallame su ba. Watanni uku na damina Yaya ya zaunar da mu kowace asuba yana bi da mu babi-babi, yana nuna mana inda ɗalibi kan yi tuntuɓe da inda malami kan yi. A cikin waɗanda za mu zauna gabansu akwai dattawan da suka halarci sunanmu. Ranar farko da muka hau buzun, ɗaya daga cikinsu ya gyara mana wasali tun a layi na biyu, muka karɓa muka yi godiya, Malam yana daga cikin ɗaki yana ji bai ce uffan ba.

Sun tashi a ƙarshen Satumba, da motar asuba zuwa Yamai, daga can jirgi ta Lome. Malam bai raka su tasha ba, a ƙofar zaure ya tsaya ya yi addu'a, ya shafa kan yaran ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa matar Yaya ta riƙa yi musu Hausa a gida ko da sun amsa mata da Larabci. Littattafan sun riga su isa da mako biyu, kwali ɗaya ya sha ruwa a hanya, Goggo ce ta sa jikokinta suka shanya su a tsakar gidanta.

Bayan kwana kaɗan Malam ya tambaye mu ko agogonmu da nasu ɗaya ne. Muka ce ɗaya ne, sai dai da yake suna gabas da mu, rana tana riga faɗuwa a can da kimanin minti 24. Tun daga ranar, idan muna zaune a zaure da yamma, hasken rana na kan katangar masallaci, ladan bai ko tashi alwala ba, yakan ɗaga kai ya tambayi ƙarfe nawa. In an faɗa masa sai ya ce, "To, su Malam Ƙarami sun yi magariba," sa'an nan ya ce wa mai karatu ya ci gaba.